Ragon da Aka Miƙa wa Yaya Talle

Duk wanda ya taɓa sayen nama a babbar kasuwar Sokode ya san Yaya Talle, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai tumbi da ƙaramar hula, wanda in ka ce ya rage maka ƙashi zai dube ka sama da ƙasa ya ce, "Saniyar da ƙashinta ta zo duniya, ni ma da shi na saye ta." Yayana ne, uba ɗaya. Mahaifiyarsa ta rasu yana goye, shi ya sa ake ce masa Talle, kuma sunan bai sake shi ba har ya yi furfura, har ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya. Ni ce Barakatu, ƙanwarsa. Aure ya kai ni Dapaong, can nake sayar da atamfa. Na san mutumin nan tun yana satar tsire a tukubar Baba yana cusawa cikin hula, saboda haka kada wani ya ce mini ai Alhaji ne, in sassauta.

Gidanmu a unguwar Didaure ta Sokode gidan fawa ne. An ce kakanninmu fataken goro ne, har ranar da ɗayansu ya gaji da yawo, ya saki jaki ya ɗauki wuƙa. Yaya Talle ya leƙa lekol, wato makarantar boko, na ɗan lokaci, ya fito da Faransancin da ya ishe shi ciniki da gaida jandarma a hanya. Tun bai yi gemu ba yake hawa kamiyo, babbar motar kaya, ya zo arewa sayen shanu, wani lokaci har Sinkase. A gidana yake sauka. Zai zauna a kujerata mai kyau da warin turke a jikinsa, ya cinye tuwona tas, ya ce miyar ba nama, ya tafi.

Bakinsa bai iya maganar ƙauna ba. Da nama yake magana. Ranar da na yi haihuwar fari bai ce mini barka ba, cinyar saniya ya aiko tun daga Sokode cikin ƙanƙara. Da mijina ya rasu ya zo ya yini a ƙofar ɗakina, da zai tafi ya ajiye mini ƙunshin kilishi. Duk dangi mun iya karatunsa. In hanta ta zo, yana jin daɗinki. In huhu ya zo, ki zauna ki binciki abin da kika yi masa.

Cikin 'ya'yansa mace ɗaya ce, Raliya, kuma ita ce 'yar lelen. Ta yi karatu a Lome, ta wuce Faransa, ta zama ma'aikaciyar jinya. Can ta auri Kamal, shi ma ɗan unguwarmu ne, direban bas, mai kunyar tsiya. Suka haifi Nabila. To Nabilar nan ita ce ciwon da ke ran Yaya.

Tana 'yar ƙarama, ta fara magana ke nan, Raliya ta kira shi a waya, irin kiran nan da ake ganin juna, don yarinya ta gaida kakanta. Mai hankali zai ce a dakata ya wanke hannu. Yaya kuwa yana tsakiyar mayanka ya ɗauka. Abin da yarinya ta gani shi ne ƙaton mutum, riga jage-jage da jini, wuƙa a hannu, ga kan saniya a bayansa da harshe a waje, yana washe haƙorin zinariya yana cewa, "Zo nan! Zo nan!" An ce ihun da ta kurma sai da maƙwabta suka buga ƙofa. Tun daga ranar, in ta ji muryarsa a waya sai ta shige ƙarƙashin tebur. Sunan da ta sa masa da Faransanci shi ne mai wuƙa. In an faɗa yakan yi dariya, amma ni ba a yi mini wannan. Ya taɓa ce mini a tsakar gidana, idonsa a ƙasa, "Barakatu, jikokina na nan ba wanda bai yi mini fitsari a cinya ba. Waccan kuwa zan mutu ko yatsanta ban riƙe ba."

Bara da damina Raliya ta ce ya zo vakansi, wato hutu. Matarsa Fulera ta ce ita ba abin da zai raba ƙafarta da ƙasa sai aikin Hajji, kuma ta riga ta yi. Sai aka ce ni in raka shi, kada ya je shi kaɗai ya kunyata mu. Yaya ya ɗinka shadda kala-kala, ya zagaya rumfunan mahauta ya yi wa kowa sallama, har waɗanda ya shekara ba ya magana da su, don dai su ji da kunnensu cewa Pari za shi, babban birnin Faransa.

A filin jirgin Pari ya fara shan kashi. Da ya hango su Raliya sai ya durƙusa da guiwarsa mai ciwo, ya buɗe hannu. Nabila, wadda yanzu ta shiga lekol, ta dube shi sau ɗaya, ta kewaya bayan uwarta ta cusa kai cikin siket. Ya ɗan jima a durƙushe hannu a buɗe, mutane suna ratsa shi da akwatuna. Can sai ya sunkuya ya yi kamar yana ɗaure takalmi. Takalmin ba shi da igiya. Wallahi tausayinsa ya kama ni, har na manta da haushin minsharin da ya yi mini a jirgi.

Muka shiga mota, Kamal na tuƙi. Yaya ya gyara hula yana jiran Pari. Benaye suka fara raguwa, suka ƙare, aka shiga gonaki, aka wuce gonaki aka shiga wasu. Titi ya ƙanƙance har ciyawa tana shafar mota. Daga ƙarshe muka tsaya gaban wani tsohon gidan dutse mai gajeriyar ƙofa, ga rumbun ciyawa a gefe, ga tafki, ga shanu masu dabbare-dabbare suna kallonmu. Yaya ya fito ya shaƙi iska. Hancinsa ya gane wurin kafin idonsa.

Ya ce, "Raliya, faɗa mini gaskiya. Korarku aka yi daga gidan haya?"

Ta yi dariya. "Baba, nan ne vakansin. Sati guda za mu yi. Mutane rububin wurin nan suke yi. Za ka huta, ka sha iska, ba hayaniya."

"Iska? Ki ɗauko ni daga Sokode, a ɗauki hoton yatsuna kamar ɓarawo, in kwana a sama, don in zo in shaƙi kashin shanu? Ai da kin faɗa, da zemijan, ɗan acaɓa kawai, ya kai ni Awuda."

Awuda ƙauyen su Fulera ne. An taɓa ba shi gona a can, ya je sau ɗaya, aka miƙo masa fartanya, bai koma ba.

Raliya da Kamal suka shiga da kaya, Nabila tana manne da su, aka bar mu biyu a tsakar gida yana ta mita. Sai ga mai gidan gonar, wata dattijuwa ja jawur mai takalmin roba, Madam Odil, ta fito daga bayan rumbu tana jan rago. Kai, rago! Fari sol, gadon baya kamar tebur, yana tafiya kitse na kaɗawa. Ta zo gaban Yaya, ta yi mana barka da zuwa, ta ɗauki igiyar ta danƙa a tafin hannunsa, ta ce, "Naku ne." Ta ƙara wasu kalmomi a bayan nan, amma Faransancin can da hanci ake yinsa kuma a guje, ba irin namu na kasuwa ba. "Naku ne" dai mun ji shi ras, mu biyu.

To ni a faɗa mini. A kowane Zongo na Hausawa, daga Sokode har Dapaong, in babban baƙo ya sauka, mai gida ya jawo rago ya sa masa igiya a hannu, me ake nufi? Ko jaririn goye ya sani. Ragon baƙo ne. Ka yi godiya, ka yanka, ka mayar wa mai gida da cinya ɗaya. Wa ya taɓa miƙa wa mahauci igiya don ya riƙe kawai? Har gobe ina nan a kan bakana, laifin na Madam Odil ne.

Fuskar Yaya ta washe. Ya cire hula ya mayar, ya jero mata godiya, "mersi, mersi," har sai da ta ja da baya. Da ta tafi ya ce, "Barakatu, na ci haƙƙin mutanen nan. Ashe sun san girma." Ya dafa bayan ragon, ya matsa ƙugu, ya ɗaga jela, ya lumshe ido. Sai ya rage murya. "Kin san abin da ke damun yarinyar nan? Ba ta taɓa cin naman kirki ba. Naman leda ake ba ta. Bari in gasa mata balangu da hannuna ranar Juma'a. In ta sa a baki za ta san wane ne kakanta. Kada ki gaya wa uwarta, so nake su tashi su ji ƙamshi kawai."

Na ce to. Ina da yaji da garin ƙuli-ƙuli a ƙasan akwatina, cikin zane, don ni ba na tafiya haka kawai.

Gaskiya ni vakansi ya karɓe ni. Ba ƙarar zemijan, ba mai taya atamfa da rainin wayo, ba jikan da zai ce Kaka ba ni. In yi barci har rana ta fito, in shafa man shanu a burodi kamar ina yaɓen ɗaki, in zauna ƙarƙashin bishiya ina tsinkar wasu jajayen 'ya'yan itace da ban san sunansu ba. Akwai wani cuku da suka kawo mai warin safar ɗan ƙwallo, shi kaɗai na ce a kai kasuwa, ba da ni ba. Raliya tana kwance cikin wani zane da aka ɗaure tsakanin bishiya biyu tana karatu. Kamal yana bakin tafki da ƙugiya, in ya kama kifi sai ya dube shi, ya ɗauke shi hoto, ya mayar ruwa. Ranar da Yaya ya ga haka ya zo ya same ni a hankali ya ce, "Yaron nan kuwa, a danginsu ba mai taɓin hankali?"

Shi kam bai zauna ba. Gidan ya ishe shi da shiru, kuma duk shigarsa ɗaki sai ya buga goshi a katakon ƙofa. Sai ya tare wurin ragon. Da safe ya kai shi inda ciyawa ta fi laushi, ya ba shi ɓawon burodi da gishiri, ya wanke shi da sabulun wankan Raliya, ya tsefe masa gashi. Madam Odil tana wucewa tana jinjina masa, tana ganin ta samu baƙo mai son dabbobi.

Nabila ma tana kallo. Da farko ta taga. Washegari daga bakin ƙofa. Sai ga ta a jikin shinge da karas a hannu, rago a tsakaninsu, ita a can shi a nan. Yaya ya yi kamar bai gan ta ba, ya ci gaba da tsefe wa ragon gashi. Ta nuna ragon da yatsa ta ce, "Gaston." Kalmar farko ke nan da ta taɓa faɗa masa ba da ihu ba.

Ya juyo gare ni. "Me ta ce?"

Na ce, "Ina jin sunansa ke nan."

"Rago da suna kamar ɗan mishan? To ko Gaston ne, da bisimilla zai tafi."

Ta matso ta shafa gadon bayan ragon, daidai inda Yaya yake matsawa kullum. Ya zungure ni da guiwar hannu. "Kin gani? Jinin fawa! Ba wanda ya koya mata, ta san inda kitse yake." Ni ma a lokacin haka na gani. Yarinya tana kallon rago ido na ƙyalli, a garinmu ma'anar wannan ɗaya ce.

Ranar Alhamis ya shiga madafa ya zaɓi wuƙa, ya ce duk cikinsu ba wadda za ta yanka ko cukun wagashi. Ya zauna a dokin ƙofar baya, wanda na dutse ne, ya wasa ta har ta aske gashin hannunsa.

Juma'a da safe, rana ta ɗan ɗago, mutanen gida ba su tashi ba, muka kewaya bayan rumbu. Ya haƙa ɗan rami na jini, ya daidaita alƙibla, ni ina riƙe da daro. Gaston yana tsaye yana tuƙa, bai san komai ba. Yaya ya naɗe hannun riga, ya ɗauki wuƙa, ya sunkuya zai kama ƙafa. Sai muka ji tafiya, cakwal cakwal.

Nabila ce, da rigar barci da takalmin roba, karas a hannu. Yaya ya san wuƙa ce ta raba su tun farko. Nama yake so ta gani a faranti, ba aikin ba. Kafin ta ɗago kai ya kai hannu baya ya soke wuƙar a ƙugun wando, ƙarƙashin riga, ya miƙe yana murmushi.

Yarinya ta wuce shi, ta rungume wuyan ragon, ta sumbace shi a goshi, ta yi masa wata 'yar waƙa a kunne. A nan na sha jinin jikina. Ban taɓa ganin wanda ya sumbaci balangu tun yana tafiya ba.

Raliya ta biyo bayanta da kofi a hannu, tana hamma. Ta dubi ramin. Ta dubi daron. Ta dubi hannun rigar ubanta a naɗe. 'Yar mahauci ce, ba ta bukatar bayani. Hammar ta tsaya a rabi. Sai ta saki murmushi mai faɗi saboda yarinya, ta yi magana da Hausa cikin murya mai zaƙi kamar tana yi mana ina kwana.

"Baba, ina wuƙar?"

Shi ma yana murmushi ya ce, "Wace wuƙa?"

"Baba, in wuƙar nan ta fito, yau a hannun jandarma za ka yi Juma'a. Wannan mai sauƙi ne, zan je in karɓo ka. Amma yarinyar nan ba za ta sake kallon fuskarka ba har a naɗe ƙasa."

"Ba ni shi aka yi! Tambayi gwaggonki. A hannuna Madam Odil ta sa igiya!"

Na ce, "Ƙwarai. Naku ne, haka ta ce."

"Naku ne na sati guda, Gwaggo! Don yara su yi wasa da shi. Duk baƙon da ya zo da yaro haka take yi masa. Ragon nan ya girmi Nabila. A ɗakin Madam Odil yake kwana in ana sanyi."

Yaya ya ce, "Aron rago?" Murmushin yana nan, amma zufa ta keto masa. "La'ilaha illallahu. A ba ka rago, ka ciyar da shi, ka mayar?"

Nabila ta ɗago ta tambayi uwarta ramin na mene ne. Raliya ta dube ni, irin kallon nan na ke kika san yadda za ki yi. Na ce da Faransancina na kasuwa, "Shuka. Gwaggo za ta yi shuka." Haka na koma madafa na ɗauko albasa guda, na durƙusa da tsufana na binne ta a ramin jinin, na ɗebo ruwa a daro na zuba. Yarinya ta tafa mini.

Daga nan ta ɗauki igiyar da hannu ɗaya. Ta tsaya tana kallon Yaya, ta daɗe. Sai ta miƙa ɗaya hannun ta kama yatsunsa biyu, don hannunta ba zai iya zagaye sauran ba, ta ja shi. Yawo za su kai Gaston.

Ya dube ni. Na ga abu biyu a fuskarsa lokaci guda, farin cikin da ban taɓa gani ba, da kuma tsoro. Wuƙar tana nan a ƙugu, tsirara, bakinta ƙasa, kuma shi da kansa ya wasa ta. In ya kai hannu baya, yarinya za ta gani. In ya saki hannunta, wa ya san ko za ta sake kamawa? Sai ya tafi. Muna tsaye muna kallonsu, ƙaramar yarinya da rago da ƙaton mutum yana takawa a sandare kamar sabon soja. Suka zagaya tafki. Ta ce a sake. Suka sake. Ta tsaya tsinkar fure, ta ce ya sunkuya ya shaƙa. Ya sunkuya. Daga inda nake na ji ya ce, "Wayyo Allah."

An dai zubar da jini a gonar ranar Juma'a, amma ba na Gaston ba. Da suka dawo bayan shaddar ya jiƙe, sai na yi maza na yafa masa mayafina. Yankan bai yi zurfi ba, amma a wurin zama yake. Raliya ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, ya bari ta gani. Ya ce sai dai bayan ransa. Na ce to ni. Ya ce in fita masa daga ɗaki. Sai ya rage Kamal, surukin da ko abinci ba ya ci a gabansa. Aka tura shi ciki da auduga da magani. Ta bayan ƙofa muna jin Yaya yana cewa, "Rufe idonka," Kamal yana cewa, "Baba, in na rufe ba zan ga wurin ba." Har muka bar ƙasar ba su sake haɗa ido ba.

Haka Alhaji Talle ya samu hutun da aka kawo shi ya yi, a kife, ƙarƙashin bishiya, da matashi a ƙirji. An ce wa Nabila ƙaya ce ta soke shi. Ta kwaso 'yan tsananta ta baje a gefensa, ta ɗaura masa fure a hula, tana nuna abu tana faɗin sunansa da Faransanci, shi yana mayar mata da Hausa. Na ce shi ke nan, an gama, kowa ya samu abin da ya zo nema.

Amma da yarinya ta shiga barcin rana na same shi ya yi tagumi. Ya ce, "Barakatu, ba ni take so ba. Makiyayi take so. Ta ɗauka mai wuƙan nan ya tuba."

Na ce, "To sai me? Ka yi shiru ka ci arziki. Jibi za mu tafi."

"In ta girma ta zo Didaure fa? Rumfa zan rufe? In ce wa ubana da kakana su ɓuya?"

Na zage shi iya zagi. Na ce taurin kansa ne ya yanka masa ɗuwawu, yanzu kuma zai yanka masa abin da ya fi. Bai ji ba. Washegari da hantsi ya kira Raliya ya ce ta zauna ta fassara. Ta roƙe shi ya bari yarinya ta ƙara wayo. Ya ce shi bai san ko yana da lokacin jira ba.

Ya miƙe tsaye, don ba ya iya zama, sannan ya ga ya yi mata tsawo, ya durƙusa. Ya ce, "Gaya mata ni mahauci ne. Ina yanka shanu da tumaki, mutane su saya su ci. Aikin ubana ke nan. Da shi na yi wa uwarta lekol. Ban daina ba, kuma ba zan daina ba."

Raliya ta fassara. Nabila ta saki 'yar tsanar da ke hannunta. Ta tambaya ko yana yi musu zafi. Ya ce shi ya sa yake wasa wuƙa sosai, kuma ba ya bari wata dabba ta ga ana yanka 'yar'uwarta. Sai ta juya ta dubi bayan rumbu, inda na binne albasa. Yarinyar ba wawuya ba ce.

Ta ce, "Gaston?"

Ya ce, "Na yi niyya. Na ɗauka ba ni shi aka yi."

Raliya ta ce, "Baba, wannan ba zan faɗa ba."

"Faɗa mata."

Ta faɗa. Yarinya ta ƙwalla ƙara, ta ruga bayan rumbu, ta shige garken Gaston ta jawo ƙofa. Uwarta ta bi ta. Yaya yana nan durƙushe. Na buɗe baki zan ce ai na gaya maka, na ga fuskarsa, na rufe. Bai ci abincin rana ba. Ya yini a tsaye jikin shinge yana kallon shanun mutane, ko farashi bai sa musu ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na san shi. Ni kaina ranar man shanun bai yi mini daɗi ba.

Da yamma aka shimfiɗa tebur a waje, cin abincinmu na ƙarshe a gidan. Kamal ya je gari ya sayo nama wurin wani Balarabe, Raliya ta soya. Yaya yana tsaye a ƙarshen tebur da farantinsa, bai ma kushe yankan naman ba. Nabila ta fito a makare, ido a kumbure, ciyawa a gashi. Ta zauna nesa da shi. Aka zuba mata. Ba ta taɓa ba.

Can ta jawo kunnen uwarta ta raɗa mata wani abu. Raliya ta dube ta, ta raɗa mata amsa. Yarinya ta maimaita a hankali, tana gwada kalmar a bakinta. Sai ta sauko daga kujera, ta ɗauki farantinta da hannu biyu, ta zagaya tebur, ta wuce ubanta, ta wuce ni, ta ajiye a gaban Yaya. Ta ɗaga yatsa ta yi masa gargaɗi da Faransanci, wanda ko shi bai nemi fassara ba: Gaston dai a'a, har abada. Ya ɗaga kai da sauri ya ce wallahi, tallahi.

Ta tura farantin gabansa ta ce da Hausa, "Kaka, yanka."

Ya ɗauki wuƙar tebur, irin dakusasshiyar nan mai zagayayyen baki. Mutumin da ke feɗe sa kafin shayi ya huce ya tsaya yana fama da tsoka ɗaya, hawaye na bin gemu, bai ko share ba. Ya yayyanka ƙanana ƙanana, ya cire jijiya, ya hura don kada ya ƙona ta. Ba ta koma kujerarta ba. Ta jingina da ƙafarsa, a tsaye kamar yadda yake, tana ɗauka ɗaya ɗaya tana ci.